Hannu a Ƙirji

Zuwa ga angona marowaci,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da aikin da ya hana ka leƙo mu. Bayan haka, an ce kai ka rubuta wa asibiti su ɗauko wa kakanka tafintar kurame. Shekara arba'in da shida ni ce kunnen Tsoho, ni ce bakinsa. Yau sai wata siririya mai gilashi? Kasala ce kawai ke damunsa. Na faɗa wa likita, an ba mu maganin ƙarin jini. Me ya rage?

Ka gaida matarka, ka ce ta riƙa ba ka abinci.
Kakarka.

Zuwa ga Kaka,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ni na rubuta. Zuwanku uku ke nan, magani bai yi ba. Ƙanwata ta ce duk sanda likita ya tambayi inda ke ciwo, Tsoho yakan yi wata alama, ke kuma ki ce, "Wannan zancen gida ne." Don Allah ranar Talata ki bar tafintar ta zauna. Ba mai korar ki.

Allah ya ƙara girma.
Jikanki.

Angona,

Ina gaisuwa. Mun je. Kujerar roba aka ba ni bayan ƙofa. Yarinyar ta zauna inda hasken taga ke dukan hannunta, ta ce wa likita, "Shi za ka kalla, ba ni ba." Tsoho ya dunƙule hannu, ya danna ƙirji sau biyu. Na sunkuyar da kai don kunya. Sai na ji ta ce, "Ciwo a nan, kamar an ɗora dutse, yana sauka kafaɗar hagu. Wata takwas ke nan."

To ka ji. Tun yana zuwa zance gidanmu, in zai ce ina ransa, ƙirji yake dafawa. Ashe tafin hannu a buɗe daban, a dunƙule daban, idona ne ya daina rarrabewa. Wata takwas ina cewa tsufa ya tuna masa ƙuruciya. Har turare na saya.

Zuciya ce. Sun riƙe shi, jibi za su yi aiki. Likita ya ce da an ƙara wata guda, sai dai wani zancen. In ka yi dariya na sake ka.

Ka sa shi a addu'a.
Kakarka.

Angona,

Gaisuwa. An yi aiki, ya farka da hantsi. Yana ganina ya kai hannu ƙirji. Na ƙwala wa tafinta kira har nas ta yar da faranti. Tafintar ta zo a guje, ta duba, ta ce, "Mama, wannan ba aikina ba ne." Ta fita ta ja mana ƙofa.

In za ka zo, ka sayo mini gilashi irin nata.

Ka huta lafiya.
Kakarka.