Wayar Ɗakin Gwaji

Litinin, 3 ga Maris

Sun dakatar da Anti mai gwajin jini. Wai sakamakon wata mata ya isa kunnen dangin mijinta tun kafin Likita ya gani. Manaja ya ce ita kaɗai ke da mabuɗin ɗakin, don haka ita ce. Shekara sha ɗaya tana aikin nan! Na same ta tana zuba kofin shayinta da silifas a leda. Ta ce, "Ƙanwata, ko mijina ban taɓa gaya wa ciwon wani ba." Na yarda da ita. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Ni wayar kwamfuta nake zargi. Tun da aka ɗauke ni kula da kwamfutocin asibitin nan nake faɗa: abin da ke fita daga ɗakin gwaji zuwa babban gini tsirara yake tafiya.

Talata, 4 ga Maris

Na yi wa Baba mai waya maganar. Shi ya ja duk wayoyin ginin nan tun ina firamare. Dariya ya yi har da riƙe ciki. "Injiniya, wayar da ke cikin bango wa zai saurara? Aljanu?" A wurinsa intanet na iska ne kawai abin tsoro.

Tsohon nan da littafinsa mai baƙin bango. Komai sai ya duba littafi, kamar mai karanta wasiyya.

Laraba, 5 ga Maris

Manaja ya ce Litinin za a rubuta takardar sallamar Anti, sai in na kawo hujja. Ba ni da ita. Amma na roƙi izinin kulle layin, ya ɗaga min hannu ba tare da ya ɗago kai ba.

Na yi masa bayani dai, ko ya ji ko bai ji ba. Suwic biyu ne, wato akwatunan da wayoyi ke haɗuwa: ɗaya a ofishina, ɗaya a ɗakin gwaji. Zan ba su mabuɗin sirri iri ɗaya. Duk abin da ya fita daga wannan a kulle zai fita, sai wancan ne zai iya buɗewa. Wanda ya tsaya a tsakani shirme kawai zai gani.

Gobe da yardar Allah. Ba zan jira kowa ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Kunya. Na fara kulle na ofishina kafin na ɗakin gwaji, alhali ta wannan layin nake isa wancan. Na datse kaina a waje da hannuna. Abin da nake yi wa wasu faɗa a kai!

Minti arba'in babu sakamako ko ɗaya, layin marasa lafiya har bakin ƙofa, babbar nas tana aiko min da harara ta taga. Sai ga Baba da mabuɗin kabad da tsohuwar shuɗiyar wayarsa da ake sokawa kai tsaye a jikin suwic. Ya miƙo min su kawai. Da ma ya yi min dariya, da ya fi min sauƙi.

Na sa mabuɗin sirrin a can ma. Fitilar suwic ta ƙi zama kore. Na sake bugawa harafi-harafi har sau uku, iri ɗaya ne. Dole na cire kullen don aiki ya ci gaba.

Har na iso gida abin na cina. Mama ta ce na zuba gishiri a shayi.

Juma'a, 7 ga Maris

A motar haya ya faɗo min. Irin wannan kullen gaisuwa ce tsakanin maƙwabta biyu, hannu da hannu. In akwai wani akwati a tsakiya, shi ke haɗiye gaisuwar, ba ta isa. Wato wayar ba guda ɗaya ba ce!

Baba ya ce, "Ni na ja ta da hannuna, babu komai a tsakani." Na ce, "Baba, duba littafin." Ya duba don ya kunyata ni. Ya yi ta buɗe shafi, sai na ga yatsansa ya tsaya. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Ɗauko tsani," ya ce.

Cikin silin na sito, bayan tankin ruwa. Wani ɗan akwati duk ƙura, fitilarsa na ƙiftawa. Shekara takwas da suka wuce ɓera ya cinye wayar, Baba ya haɗa ta da wannan, wai na kwana biyu. Waya uku ke jikinsa. Ta ukun ta gangara soket ɗin ɗakin da yanzu aka ba mai buga takardu haya.

Na soka laftof ɗina a soket ɗin. Cikin minti goma ga sunayen mutane da sakamakonsu. Na ɗauki hoton komai.

Baba ya zauna a kan matakalar tsani ya daɗe. Saura masa wata bakwai ya yi ritaya.

Asabar, 8 ga Maris

Na rubuta rahoto. Na sa sunan Baba, na goge, na sake sawa. Anti ba ta yi komai ba, kuma ba zan bari a kore ta ba. Shi ke nan.

Litinin, 10 ga Maris

Takwas saura na isa, rahoto a hannu. Baba ya riga ni. Yana tsaye gaban teburin Manaja, akwatin nan a ajiye, littafi a buɗe.

"Yallaɓai, ga mai laifin, ga wanda ya sa shi. Ni ne. Yarinyar nan tun farko ta faɗa, na yi mata dariya. A kira baiwar Allah ta koma aikinta."

Manaja ya yi ta faɗa. An ba Baba takardar gargaɗi, ta farko a shekara ashirin da shida. An rufe ɗakin mai buga takardu, maganarsa tana hannun lauyan asibiti. Rahotona bai fita daga jaka ba.

Anti ta dawo da azahar da ledarta. Ta ce, "Ita matar fa? Wa zai mayar mata da nata?"

Laraba, 12 ga Maris

Mun ja sabuwar waya guda ɗaya, ba haɗi. Baba a sama, ni ina miƙa masa. Da aka zo sa mabuɗi ya ce, "Na nesa ake farawa ko, Injiniya?" Ya ga dama ya rama ke nan. Na ba shi laftof na ce shi zai buga. Da yatsa ɗaya ya yi, harafi talatin da biyu, yana kiran kowanne da baki har sai da na ce, "Baba, sirri ne fa!"

Fitila ta zama kore. Na leƙa abin da ke bin layin don gwaji: shirme zalla.

Akwai sauran layi tara a ginin, kuma shi kaɗai ya san inda kowanne ya bi. Wata bakwai. Na ce gobe mu fara da na ɗakin haihuwa.

Na sayi littafi a hanya. Mai baƙin bango ne, don shi kaɗai ya rage a shagon.