Addu'ar Arfa da kwalbar da na sirka

Assalamu alaikum Anti mai wannan fili, da ku masu karatu. Don girman Allah kada a zage ni, zagin da nake yi wa kaina ma ya isa. A sakaya sunana.

Ni ɗaliba ce a London, a wani lab, wato ɗakin gwaje-gwaje, na binciken garkuwar jiki wajen Aldwych. Wadda ta samo mini gurbin 'yar unguwarmu ce a Kano, bari in kira ta Yaya Bilki. Ita ta tarye ni a filin jirgi, ta ba ni ɗaki a flat ɗinta na Plumstead, har hawa tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ita ta koya mini. PhD ɗinta a kan wasu ƙwayoyin jini ne masu cinye cuta. Idan jiki ya aika musu saƙo, wani sinadari mai suna interferon, sai su tada wani enzyme, sinadari mai sarrafa abubuwa a jiki, ya kama arginine, ɗaya daga amino acid ɗin da ake gina furotin da su, ya mai da shi gubar kashe cuta. Ita so take ta nuna saƙon shi kaɗai ya isa ya tada enzyme ɗin. Shekaru tana ɗiga wa ƙwayoyin nan interferon, ko gezau.

Bana ta tafi Hajji, ta bar mini amanar freezer ɗinta. Ta ce, "Ƙanwata, kwalbar interferon ɗin nan ita ce raina, kada ki bari kowa ya taɓa." Ni kuwa nawa interferon ɗin ya ƙare, malamina ya sa ni gaba. Na ɗebi kaɗan. Na sake ɗiba. Da na ga ta yi ƙasa sai na cike ta da ruwan gishirin da ke kan bencina na aiki, kamar mai sirka nono. Ni da kullum hannuna yana cikin bacteria, ƙwayoyin cuta, ai ruwan nan ba zai rasa su ba! Me ya shiga kaina? Na san sarai ɓurɓushinsu kaɗan idan ya haɗu da interferon, ƙwayoyin jinin nan zabura suke yi.

Tana dawowa ta ɗiga, enzyme ya tashi, arginine ya ƙare ƙarƙaf. Nan cikin lab ta faɗi ta yi sujada, ta rungume ni tana kuka: "A Arfa na roƙa, ƙanwata, wallahi a Arfa!" Ta buga wa Hajiyarta waya Kano, ta yi sadakar waina a masallaci. Ni na soya wainar. Ta yaya zan buɗe baki in ce Yaya, ba addu'arki ba ce, ƙazantar bencina ce? Malaminta Bature ya kai sakamakon taro, aka tafa, aka sa ranar viva, jarrabawar baka ta kare digirinta.

To, kwalbar ta ƙare. An sayo sabuwa mai tsabta, ƙwayoyin sun koma barcinsu. Ta gwada, ta sake gwadawa, shiru. Yanzu malamin ya ce idan abin bai maimaitu ba kafin ƙarshen wata, zai kai ta gaban kwamiti a kan ta ƙirƙiri sakamako. Yaya Bilki, wadda ko biro ɗin lab ba ta kai gida! In na yi magana, ni za a kora, aikinta kuma ya mutu duk da haka. In na yi shiru, za ta koma Kano da sunan maƙaryaciya. Abin kunyar ma, har na tsaya gaban freezer da ruwan gishirin a hannu, ina tunanin in sirka sabuwar. Na fasa, amma na tsaya ɗin.

Jiya a bas muna komawa gida ta riƙe hannuna, duk ta rame. Ta ce, "Ko wani zunubi na yi Allah Ya karɓe abinSa? Ke da ba ki da alhakin kowa, ki sa ni a addu'a." Na ce to, Yaya.

Jama'a, me zan yi?