Maganina Ba Naka Ba Ne

Auta,

Na wuce gareji kana barci. Da na ɗauko maganina na ga an ɓalli ƙwaya ɗaya, na same ta a aljihun rigarka na ɗauke. Allah Ya taimaka ba ka haɗiye ba.

Na san nufinka. Ka ga na kwana biyu ban kunna sigari ba, kai ma kana so ka daina. Wallahi na ji daɗi. Amma wannan ba maganin ciwon kai ba ne da ake miƙa wa juna. Na ciwon damuwa ne, likita ya rubuta min don ya kashe min kwaɗayin taba, kuma kafin ya taɓa biro sai da ya tambaye ni ko na taɓa yin farfaɗiya, don maganin yana iya tayar da ita. Ni ban taɓa ba. Kai fa? Ni na tallafe kanka a ƙofar banɗaki bara, Umma tana ta salati.

Kada ka sake taɓa shi. Ka shirya, da azahar zan dawo mu je wurin likitan ya duba abin da ya dace da kai.

Tabar nan sai mun bar ta, ni da kai. Amma ba na so in sake ɗago kanka daga siminti.

Yayanka