Fuskata Ba Ta Cikin Gado

Ni mahaifinku na rubuta wannan da hannuna, hankalina kuma yana nan daram. Likita ya duba ya ce ciwon a hanta yake, bai hau kai ba. A duk zamana a majalisar jiha ba wanda ya taɓa yi mini irin wannan shaida.

Na ɗaya. Gida da gona a raba yadda addini ya tsara. Ɗakin mahaifiyarku kada a taɓa shi muddin tana numfashi.

Na biyu. Littattafaina na Auta ne, don shi kaɗai na taɓa kamawa yana satar su. Kujerun falon baƙi a bai wa makarantar bayan layi. Ranar da aka rantsar da ni kwamishinan ayyuka sai da muka aro wasu daga maƙwabta. Ranar da aka sauke ni, ni da direbana muka zauna a cikinsu, muna jin ƙarar fanka. Direban nan ku riƙa kai masa gaisuwa, har yau yana zuwa asibiti yana gyara mini matashi.

Na uku, kuma saboda shi na ɗauki biro. Kai Babba, jam'iyyata ta ba ka takarar kujerar da na bari. Ke Lauya, 'yan adawa sun ba ki ita. Ban hana kowa ba. Amma ran da ake dawo da ni asibiti na leƙa ta tagar mota, na ga fuskata sau biyu a bango ɗaya. A wata fastar ina murmushi a kafaɗar Babba, a ɗayar ina murmushi a kafaɗar Lauya. Hoto ɗaya ne, na zamanin ina da kumatu. Yaran ɗayanku sun yage rabin fuskata a fastar ɗayan. Ban tambayi na wane ne ba, kada ma a faɗa mini.

Ku cire ni daga fastocinku tun kafin a rufe ni. Masu ba ku tikiti fuskar nan suke so, kuma na san su, tare muka yi ta wannan sana'a. Idan an gama ƙirga ƙuri'a za su koma gidajensu su ci abinci da 'ya'yansu.

Na huɗu. Tun da aka fara yaƙin zaɓe mahaifiyarku take zuba abinci sau biyu, don ɗayanku ba ya shiga sai ya ga motar ɗayan ta fita. Ba ta faɗa muku ba, ni take faɗa wa, ni kuwa na kusa daina ji. Na yi shekaru ina zagin mutane a zauren majalisa, mu fito mu sha shayi tare. Ku zagin kawai kuka koya.

Ranar da za a faɗi sakamako, ku ji shi a ɗakinta, a rediyonta, ku biyu, ba magoya baya. Dole ɗayanku ya faɗi, wataƙila ma duka. Ina so wanda ya faɗi ya kasance a inda akwai mai riƙe masa hannu, tunda ni ba na nan.

Allah ya yi muku albarka, ya ba ku 'ya'ya masu sauƙin kai fiye da nawa. Ku riƙe mahaifiyarku, ku riƙe Auta, kada ku bari ya zaɓi wanda zai gaisar a cikinku.