Farin Saƙi a Gindin Akwati

Litinin, 6 ga Agusta 1956

Lokotoro, Baturen likitan asibitinmu, ya kira ni biro, ofishinsa, bayan mun gama wankin miki. Ya ce sunana ya fito cikin anfirmiyoyi, mu ma'aikatan jinya, da za a kai Faransa sitaj, wato ƙaro ilimi, shekara guda a wani babban asibiti na Bordo. Mu koyi aikinsu, su kuma wai su ji daga bakinmu yadda muke zaune a nan. Ya miƙo hannu, na miƙa. Tun yaushe nake roƙon Allah wannan abu, ga shi ya zo, ni kuwa abin da na ji kawai ciwon ƙafa. Tun safe nake tsaye.

Na gaya wa matata Yalwa. Ta ce Alhamdu lillahi, ta ci gaba da tankaɗe, ba ta ɗago ta dube ni ba. Inna ban gaya mata ba tukuna.

Alhamis, 9 ga Agusta

Na gaya wa Inna. Tana bakin ɗakinta tana tsince wake. Ta ce, "Bordon nan, ya kai Makka nisa?" Na ce kusan haka, amma cikin jirgin ruwa ake zuwa. Sai ta ci gaba da tsintar wakenta, na kuwa san inda hankalinta ya tafi. Baba ya bar Gaya da ƙafa zai je Makka ina ɗan yaye, har yau ko labarin kabarinsa ba mu samu ba.

Na ce Inna wannan ba irin waccan ba ce, gwamnati za ta kai mu, ita za ta maido mu. Ta ce to. Na san wannan "to" ɗin nata.

Ƙafafunta sun ɗan kumbura. Ta ce zama ne.

Talata, 14 ga Agusta

Ranar kasuwa. Na je wurin Baƙo tela saboda manto, doguwar rigar sanyi, don an ce sanyin can ba wasa. Baƙo bai taɓa wuce Malanbil da ke ƙetaren kogi ba, amma ya fi kowa sanin Faransa. Wai wani tsohon soja ya gaya masa sanyi na yanke kunnen mutum ya faɗi ƙasa bai sani ba. Ya fito da bargon soja mai kauri ya ce da shi zai ɗinka, har da shafi ciki. Na ce Baƙo mutum zai sa, ba jaki ba. Ya ce in na dawo da kunnuwana biyu na gode masa.

Asabar, 18 ga Agusta

Mun je Doso, allurar shawara da foto. Kamiyo, babbar motar da ta kwashe mu, ya kafe cikin laka, mu muka tura. Hannuna ya kumbura. Na gaji.

Juma'a, 24 ga Agusta

Sabon aiki! Kwamandan, Baturen mulki, ya aiko wai kowa ya tafi da abin gargajiyar ƙasarsu da zai nuna wa Faransawa. Ni an zaɓa mini gurumi. Ni Rabo, da ban taɓa kaɗa ko gwangwani ba. Na ce wa mai fassara ni allura na iya. Ya ce ba sai na kaɗa ba, in riƙe kawai a ɗauke ni foto. Oho dai.

Matar lokotoro kuma ta zaunar da ni teburinta tana koya mini cin shinkafa da cokali mai yatsu. Rabi a baki, rabi a cinya. Mace ce mai kirki, ba ta yi dariya ba. Da na komo gida na wanke hannu na ci tuwon Yalwa na gaske.

Alhamis, 30 ga Agusta

Manto ya zo. Shi kaɗai ya cinye rabin akwati, kuma akwati ɗaya aka yarda mana.

Lahadi, 2 ga Satumba

Raina ya ɓaci yau, bari in rubuta ko ya sauka.

Na buɗe akwati zan sa littattafan aiki, sai na ji ƙamshin kajiji. Na ɗaga manto, ga wani farin saƙi naɗe a gindi, sabo, ko yanka shi ba a yi ba. Ba sai an gaya mini ba. Ina wanke gawa a asibiti, na san likkafani in na gan shi.

Na fito da shi tsakar gida ina tambaya wa ya sa. Inna ta ce ita ce. Na ce haba Inna, karatu za ni ko lahira? Ta ce mai tafiya mai nisa da suturarsa yake tafiya, haka aka gada. Ta ce, "In ta Allah ta kasance a can, wa zai suturce ka? Su sa ka cikin katako da wando?" Na ce ba mutuwa zan yi ba. Ta ce ubana ma bai ce mutuwa zai yi ba, amma da nasa ya tafi, kuma wannan ne kaɗai abin da ke bari ta yi barci.

Na ɗaga mata murya. Allah ya yafe mini. Na ce a Kutunu, inda za mu shiga jirgi, masu duwan da ke binciken kaya za su zazzage akwati gaban sauran anfirmiyoyi, ƴan Dakar da ƴan Abijan, su ga na Gaya ya taho da likkafaninsa. Na ajiye mata shi kan tabarma na fita.

Laraba, 5 ga Satumba

Ya koma cikin akwati. Na fitar.

Asabar, 8 ga Satumba

Ya sake komawa. Wannan karon an cire manto an rataye a ƙusa, don tun da na sa littattafai su biyu ba sa shiga tare. Na fitar da shi, na mayar da manto, na sa kwaɗo. Inna ta ci gaba da harkarta. Tun ranar Lahadi gaisuwa kawai ke haɗa mu, ina kwana, lafiya lau, shi ke nan.

Na fara zagayen neman gafara gida-gida kamar yadda ake yi. Kowane gida sai an ba ni fura, kowane gida sai an ba ni saƙo. Wannan agogo, wancan maganin ido, wata tsohuwa kuma wai in duba mata ɗanta da ya tafi soja, kamar Faransa unguwa guda ce. Cikina ya cika, kaina na sara.

Alhamis, 13 ga Satumba

Na ga Inna ta taso daga bakin rijiya, ko tulu ba ta ɗauka ba, amma sai da ta dafa bango tana haki. Na danna ƙafarta da yatsa, ramin ya zauna bai cika ba. Da wata ce ta zo mini asibiti da wannan ƙafa, da tuni na gane. Tawa ce shi ya sa na yarda da zancen zama.

Na roƙi lokotoro ya zo gida. Inna ta ja mayafi har hanci, da ƙyar ta bari ya saurari ƙirjinta. A waje ya gaya mini da Faransanci, zuciyar ta gaji. Na ce za ta kai shekara? Ya ɗaga kafaɗa irin tasu. Ya ce tana iya kaiwa, tana iya rashin kaiwa, a ba ta ƙwaya kullum, a rage gishiri.

Juma'a, 14 ga Satumba

Ban iya cin abinci ba.

Litinin, 17 ga Satumba

Na ce wa lokotoro in an ɗaga mini zuwa baɗi fa? Ya ce Rabo ba a ɗagawa. In na bari, wani za a ba, kuma ba za a sake kiran sunana ba. Bai matsa mini ba, ya ce in yi shawara da gida.

Wace shawara? In na zauna, na zauna ina wankin miki har tsufa, Inna kuwa ranarta ba ni ke riƙe da ita ba. In na tafi, wataƙila waya za a bugo mini ta iske ni cikin sanyi, an riga an rufe ta. Ɗa guda ta haifa ya rayu. Mijinta ya tafi bai komo ba, yanzu ni.

Wallahi na gaji da tunani fiye da yadda na gaji da aiki.

Laraba, 19 ga Satumba

Yalwa ce ta gaya mini. Tana daka mini yaji na guzuri, ina zaune ina mitar likkafanin nan, na ce Inna ta rasa abin da za ta saya mini sai wannan. Sai ta ajiye taɓarya. Ta ce, "Saya? Kai fa ba ka gani. Ba ka tuna zaren da take kaɗawa da mazari ba tun kafin a kawo ni gidan nan? Da shi aka saƙa likkafanin, nata ne. Shi ne ke cikin adudu, wanda ba ta bari kowa ya taɓa."

Na tuna. Kowane rani tana fitar da shi ta shanya, ta sa masa sabon kajiji ta mayar. Ina gani ina wucewa, ban taɓa tambaya ba.

Mace mai irin wannan zuciya, ta ɗauki suturarta ta ba ni, ni mai lafiya. Ni kuma na jefa mata shi kan tabarma har sau nawa.

Juma'a, 21 ga Satumba

Bayan masallaci na shiga ɗakinta na durƙusa. Na ce Inna na fasa tafiya. Ta dube ni kamar na zage ta. Ta ce duk garin nan an sha mini addu'a, na sha furar mutane, yanzu in ce na fasa? Ta ce ita ba ta haifi mai komowa daga bakin kogi ba.

Na ce to likkafanin nan naki ne, Yalwa ta gaya mini. Ke kin fi ni... ban iya ƙarasawa ba.

Ta ce, "Nawa ne mana. Ni na ce na ba ka? Aro ne, Rabo. In ka buƙace shi a can, na yafe. In ba ka buƙace shi ba, ka maido mini abina da hannunka. Shekara da shekaru ina kaɗa zaren nan, ba inda za ni ba shi."

Har da ƴar dariyarta. Ta ce in tashi, gwiwar wandona na kwasar ƙasa.

Ni anfirmiye ne. Na san zuciya ba ta jiran akwati ya dawo daga Bordo. Na san wannan sarai. Amma na nemi gafararta, ta ce ta yafe duniya da lahira, ta dafa kaina, hannunta da sanyi.

Lahadi, 23 ga Satumba

Na koya wa Yalwa yadda za ta ba ta ƙwaya, da yadda ake danna ƙafa a duba kumburi. Lokotoro ya yi alkawarin leƙawa. Gurumin kwamandan na ɗaure shi a bayan akwati da igiya.

Akwatin har yanzu ba ya ɗaukar su biyu. Na gwada ta kowace hanya.

Litinin, 24 ga Satumba, Malanbil

Mun ƙetare. Kogi ya cika har bakin ciyawa, bak, jirgin fito, na ta rangaji, ruwa na fantsamowa kan kaya. Inna ba ta zo bakin ruwa ba, a ƙofar gida ta tsaya. Ban waiwaya da yawa ba.

Rana ta ƙwalle, ni kuwa ina cikin manton Baƙo tun daga wuya har ƙwauri, zufa na bin bayana kamar an zuba mini buta. Duk wanda ke cikin bak sai da ya yi dariya. Wani mai goro ya ce, "Likita, Faransar har ta fara?" Na ce sabawa nake yi tun yanzu. Haka zan sa shi har Faraku, har Kutunu, ba komi, hannu ne dai ba ya ɗaukar kaya biyu.

Ba wai na yarda da zancenta ba ne. Kayan mutane ne, aro aka ba ni, dole in kula.

Muna jiran kamiyon Faraku a gindin wata tsamiya. Na buɗe akwati na sa hannu har gindi, in ji ko ruwan kogi ya taɓa shi. Bai taɓa ba. Na ƙara naɗe shi cikin babbar rigata na rufe, na zauna a kai.

Inna, ki jira kayanki.