Hannun Baba a Cikin Waya

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar 'yar da kewar ubanta ta ishe ta. Ya jiki, ya aikin katako, ya Gwaggo da gwiwarta? Mu nan lafiya lau. Maigidana yana gaishe ka, amaryarka, 'yar jikarka, kuma ta fara gudu, ba abin da take bari a kan tebur.

Baba, kada ka kwance ƙullin nan a tsaye, nemi wuri ka zauna tukuna. Waya ce. Ta hannu ce, ba sabuwa ba, amma fuskarta da faɗi, kuma tana da kyamara a gaba. Na san abin da za ka ce, wai me kurma zai yi da waya. To wannan ba ruwanta da kunne. Kiran bidiyo za mu riƙa yi, ka gan ni in gan ka, mu yi maganar hannu kamar muna zaune a ƙofar shagonka.

Gaskiya na gaji da wasiƙa. A takarda kai wani mutum ne daban, sai ka ce sakataren ofis: "Ina lafiya, aiki da godiya." Babana da na sani shi ne mai kwaikwayon tafiyar mai gidan haya har Gwaggo ta riƙe ciki. Rabona da ganin hannunka yana magana tun da aka yi wa maigidana canjin wurin aiki, jikarka kuma tun tana cikin zani rabonka da ita. Ina so ta san ka, ba a hoto ba.

Abin da ya rage shi ne layi da data. Ka ɗauki Gwaggo ku je shagon waya na kusa da tasha, ta yi musu bayani. Data kawai muke so, mai arahar da aljihu zai iya ɗauka kowane wata. Ni tun da na ba Direba, mai motar garinmu, saƙon nan na kasa zama wuri ɗaya, har a shagon maganin da nake aiki ana tambayata ko albashi aka ƙara mini.

Ka gaida Gwaggo. Allah ya bar mana kai.

'Yarka,
Auta

*

Zuwa ga Auta,

Wa alaikumus salam. Saƙo ya iso daga hannun Direba, ba abin da ya fashe. Allah ya yi miki albarka.

Ban tafi da Gwaggonki ba. Mutumin da ya yi wa rabin unguwa ƙofofi ba ya bukatar rakiya zuwa shagon waya. Na rubuta "data" a tafin hannuna na nuna wa mai shago. Ya yi ta magana. Da ya ga ban amsa ba sai ya ƙara wage baki, har jijiyar wuyansa ta tashi. Na tausaya masa na gyaɗa kai. Ya nuna mini wani tsari a jikin allo, shi ne mafi araha, an ma zana masa tauraro. Na biya.

Da na dawo, Gwaggonki ta karanta saƙon da ya shigo wayar, ta yi dariya har ta zauna a kan buhun garin katako. Ashe mintunan kira na saya, masu yawan gaske, da 'yar data kaɗan a matsayin gyara. Yanzu duk garin nan ba wanda ya kai ni lokacin magana. Ita ke cin moriyarsu. Tun jiya take kiran mutanen da ta yi shekaru tana gaba da su.

Akwai abin da ba ki yi tunaninsa ba. In na riƙe waya da hannu ɗaya, rabin bakina ya tafi. Don haka na yi mata mazauni da guntun katako, mai wuyan da ake lanƙwasawa. Na yi biyu, naki yana cikin ledar nan.

Ki kira ranar Asabar da hantsi, mu gwada da 'yar gyaran. Ki sa wa amaryata riga mai kyau.

Mahaifinki

*

Babana na kaina,

Assalamu alaikum, da fatan kun tashi lafiya. Baba, na gan ka! Na ga furfurar da ka ƙara, na ga fensir a bayan kunnenka, har zarton nan mai karyayyen mariƙi na hango a bango. Da kiran ya katse sai na zauna ina dariya ina hawaye, maigidana ya rasa wanne zai lallasa.

Amma ka ga yadda abin ya kasance. Ka ɗaga hannu za ka fara labari, sai ka daskare da baki a buɗe. Da ka motsa kuma yatsunka suka koma kamar hayaƙi. Cikin duk abin da ka faɗa, "mai shago" kawai na kama da "jaki". Sauran mutane in hoto ya tsaya suna ci gaba da jin murya, mu kuwa in ya tsaya magana ta mutu.

Na yi tambaya sosai, ga abin da na samo. Rufin kwanon shagonka ne yake tare sabis. Maganinsa akwatin intanet, a rataye shi wurin da sabis yake, ita kuma waya ta zauna inda kake so. Iri biyu ne. Akwai babba na gida, yana da ƙarfi, amma da tsada, kuma ana ɗauke wuta ya mutu. Akwai ƙarami na aljihu, bai fi sabulu ba, yana da batir. Ni ƙaramin nake gani, sai dai kada ka sayi komai kafin ka san layin da ya fi kamawa a shagon. Ka ari wayoyin maƙwabta ka gwada.

Tsarin data kuma cike yake da tarko. Na dare ya fi araha, amma wa zai ga hannu a duhu? Na hira zalla ba ya ɗaukar bidiyo yadda muke so. Wanda suke kira marar iyaka kuwa, a tambaye su ko yana rage gudu in an kai wani wuri. Don Allah wannan karon ka tafi da Gwaggo, in ta sauka daga kan waya.

Na gode da mazauni, ya zauna daram. Sai na ji daga gare ka.

Taka,
Auta

*

Auta,

Sallama da gaisuwa. Na karanta bayanin akwati, na fahimta, zan yi yadda kika ce.

Wata magana ce ta sa na rubuto da wuri. Kin cika takarda da zancen sabis da batir, ba ki ce komai a kan yarinyar ba.

Ranar Asabar, kafin hoto ya tsaya, wani abu ya faɗi a bayanku. Ban san ko mene ne ba, ina jin tire ne ko murfin tukunya. Na san ya yi ƙara sosai, domin kin zabura, kafaɗunki suka tashi, mijinki ya leƙo daga ɗaki. Ni da haka nake jin ƙara tun ina yaro, a jikin mutane. Yarinyar tana kan cinyarki. Ko ƙiftawa ba ta yi ba, idonta yana kan hannuna.

Mai yiwuwa laifin sabis ne, ni ma na gaya wa kaina haka. Amma na san wannan kallon. Ban taɓa ganinsa a fuskar yaro mai ji ba.

Ki gaya mini gaskiya. Kada ki zagaya, ni ba baƙo ba ne a wannan gari.

Mahaifinki

*

Baba,

Assalamu alaikum. Ba laifin sabis ba ne.

Mun kai ta asibiti tun kafin in sayi wayar. Sun gwada kunnuwan biyu, suka ce ba ta ji, kuma da alama haka aka haife ta. Sun yi zancen na'urar kunne, za mu bi mu gani, amma likitar ta ce kada mu zauna jira, a ba ta magana yanzu ta kowace hanya.

Na yi ta ɗaukar biro in rubuta maka, ina ajiyewa. Tsorona ɗaya ne, kada ka ce daga gare ka ta gada, ka ɗora wa kanka laifi, kana can ni ina nan, ba mai riƙe hannunka. Na so in faɗa maka da hannu, ina kallon fuskarka. Ashe kai za ka riga ni, a cikin hoton da ko yatsu ba a rarrabewa.

Ina gwada koya mata, amma hannuna ya yi tsatsa, kuma da na ɗaga shi sai kuka ya zo mini, ita kuma ta tsaya tana kallona. Ba na so ta ɗauka maganar hannu abin baƙin ciki ce. Ina so ta ga mutum irinta, babba, mai sana'a, wanda in ya fara ba da labari har masu ji suke barin aikinsu su zo kallo. Ban san kowa haka ba sai kai.

Kuma bari in gaya maka, tun ranar Asabar take jan ni zuwa wurin mazaunin nan, tana leƙa bayansa. Nemanka take yi. Maigidana ma ya ce a sa shi a aji, shi ne zai zauna a bencin baya.

Ka yafe mini jinkirin. Ka samo mana sabis mai kyau, Baba.

'Yarka,
Auta

*

Zuwa ga 'yata Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da maigidanki da 'yar mitsitsiyar kuna lafiya. Gwaggonki ce. Ubanki ya ce ba shi da lokacin rubutu, to ni ina da shi, tunda mintunan nan sun ƙare.

Ranar da takardarki ta zo, ya shiga shago ya turo ƙofa. Na daɗe ban ji motsin zarto ba, sai na leƙa. Yana zaune idonsa jawur. Na ce masa ƙaddara ce, ya ɗaga mini hannu wai in dakata. Ya ce, "Ni sai da na kai shekarun shiga makaranta kafin na san abubuwa suna da suna. Kin tuna yadda nake cizon mutane don haushi. Ita ba za ta yi wannan jiran ba." Daga nan ya miƙe ya wanke fuska, kuma tun lokacin ban huta ba.

Ya aro wayar tela, da ta mai aski, da ta mai gyaran babur, kowa da layinsa. Ya bi shagon kusurwa kusurwa yana ɗaga su sama kamar mai neman inda rufi ke yoyo. Layin mai aski ne ya ci, a saman taga ta gabas. Nan take ya kafa ƙusa.

Sai shagon waya. Mai shago yana ganinmu ya fara cika ƙirji da iska, na ce, "Ɗana, adana muryarka, ga biro." Ubanki ya ce ba ya sayen akwatin da bai gwada ba. Aka tura ni tsallaken titi da wayar mai shago, ni da gwiwar nan, shi yana ciki yana kirana yana kaɗa yatsu. In na iya ƙirga su, in ɗaga mayafi. Na farko ko hannu ban gane ba. Na biyu ya yi kyau, amma kuɗinsa sai da na dafe ƙirji. Na uku, wani ɗan baƙi mai batir, har tabon da ke babban yatsansa na gani. Mutane suka taru suna kallon tsohuwa tana kaɗa mayafi a bakin titi, ban kula su ba.

Da aka zo kan data na tambayi yaron zancen marar iyakar nan. Ya sosa ƙeya ya ce, "Gaskiya, Mama, in an sha da yawa yana rage gudu." Na ce, "To mu gudun muka zo saya." Muka ɗauki na wata, matsakaici, wanda zai ishe ku hira kowace safiya in ba a yi almubazzaranci ba. An kashe duk wani abin da ke shan data a ɓoye, ni kuma an kafa mini doka, ko kusa da akwatin kada in je. Yaron kirki ne ashe, har ragi ya yi, ubanki kuma zai gyara masa kantar da ta karkace.

Yanzu ki zo ki ga ikon Allah. Ya juya bencinsa ya fuskanci haske. Ya ajiye fararen riguna, sai masu duhu yake sawa, wai hannu ya fi fitowa. Ya jera kofi da cokali da takalmi da 'yar mage ta katako a gabansa, darasin farko ke nan. Jiya na kama shi a gaban madubi yana gwada fuskar biri. Ni da na goya shi, rabon da in ga ɗokinsa haka tun ranar da aka haife ki.

Ki kira kowace safiya bayan ta karya, kafin ta fara rigima. Ke kuma ki share hawayenki ki zauna a aji.

Allah ya raya mana ita.

Gwaggonki

*

Auta,

Assalamu alaikum. Na san kina wurin, kin gani da idonki. Amma wannan ina so ya zauna a takarda.

Kwana da kwanaki ina nuna mata kofi, ina nuna mata takalmi, tana kallona kawai. Yau na gaji na ajiye darasi, na yi mata labarin magen da ta faɗa cikin bokitin fenti. Da na gama na sauke hannuna. Sai ta ɓata fuska, ta matso har hancinta ya kusa taɓa waya, ta ɗaga 'yan yatsun nan ta ce, "Sake."

Ban koya mata wannan ba. A hannunki ta gani, lokacin da kike roƙona in maimaita. Hoto bai tsaya ba, na ga kowane yatsa.

Na sake. Gobe ma zan sake.

Ki shafa mini kanta.

Babanki