Garin Maka na Teburin Ila

Asabar, 6 ga Yuli 2024, Tanut

Yau shekara talatin da biyar da aka manna sakamakon jarrabawarmu ta gama makaranta. Ni ne na ɗaya a duk jihar Damagaram. Wanda ya zo na bakwai shi ya tafi waje karatun likitan dabbobi, don ubansa yana da wanda zai buga wa talho. Ni aka miƙo mini sirinji da akwatin ƙanƙara aka ce in nufi yankin Damargu. Shekara talatin ina bin rijiyoyi ina yi wa shanu allura, har gwiwa ta ƙi. Duk shekara ina rubuta wannan, duk shekara bai huce ba.

A kasuwa Ila mai teburin magani ya kira ni. "Mushe, zo ka karanta mana, mu ba mu yi lakwal ba, boko sai ku." Mushe suke ce mini, wato malam a bakin Faransa. Kwali ne mai hoton duwatsu, an rubuta da Faransanci. Garin maka. Na san sunan! Yana cikin tsohon littafinmu na abincin dabbobi, sakin layi ɗaya tak: saiwa ce kamar ƙaramar albasa, a ƙasar Peru, can kan tsaunuka inda sanyi ba ya barin komai ya tsiro. Mutanen wurin suna ci, suna ba dabbobinsu.

Na karanta da ƙarfi, na fassara. Mutane sun taru, har da masu awon gero. Rabon da a yi shiru don ina magana, na manta.

Na ce abinci ne, ba komai a cikinsa.

Talata, 9 ga Yuli

Na ciro littafin daga akwati, gara ta ci gefensa. Abin ya burge ni ƙwarai. Shuka a wurin da iska ke kwantar da komai, sai ta ƙi yin tsawo, ta lafe a ƙasa, ta tara duk ƙarfinta a saiwa. Ta tuna mini da geronmu na tudu a shekarar da ruwa ya yi rowa. Ban san mutanen Peru ba, amma na ji ina ganin girmansu.

Asabar, 13 ga Yuli

Ila ya sa sunana a lasifikarsa. "Mushe Husaini ya karanta, ya ce ba komai!" Ya kamata in ji haushi. Na bi ta gaban teburin sau biyu.

Aghali ya zo. Abokina ne tun ina sabon ma'aikaci, ranar da raƙumarsa ta kusa karya mini haƙarƙari a rijiya, ya yi ta dariya cikin rawaninsa. Yanzu ya haura saba'in. Mun zauna a zaure, ya haɗa shayi da kansa, don a cewarsa Bahaushe tafasa ganye kawai yake yi. Ƴaƴansa sun ce bana ba zai bi garke arewa lasar gishiri ba, ya zauna a zango da mata. Ya ce tun yana ɗan shekara tara bai taɓa fashin tafiyar nan ba.

Ya kwance bakin rawani ya nuna mini ƙulli uku na garin. "An ce kai ka ce. In kai ka ce, shi ke nan."

Na lura yana tsayawa ya huta tsakanin ƙofa da inda ya ɗaure raƙumi, taku ashirin. Na gani, na kau da kai. Ba a tambayar dattijon Buzu abin da ke ciwo a jikinsa, kuma shi ba zai faɗa ba ko ana yanka shi. Shekara talatin muna zaune a kan wannan kara. Na ce ya sha da nono da safe.

Laraba, 17 ga Yuli

Ruwa mai kyau. Gero ya kai gwiwa a hanyar Ollelewa.

Lahadi, 21 ga Yuli

Salamatu ta kira, ɗiyar ƙanwata Zalika. Ma'aikaciyar jinya ce a wani ɗakin shan magani wajen Belbeji. Yarinyar da ni na koya wa riƙe alli. Na ba ta labarin maka ina jin kaina.

Ba ta kushe ba, wannan na yaba mata. Ta ce ta gaske abinci ce, kuma masu ita ba sa cin ta ɗanya, dafawa suke. Wasu suna cewa tana ƙara musu kuzari, wasu sha'awa, mata masu barin al'ada suna jin sauƙi, amma binciken da aka yi kaɗan ne, a kan mutane kaɗan. Ƙaramin cokali a rana, kuma sai an yi makonni kafin a ji wani abu, in ma za a ji. Mai ciki da mai shayarwa su bari, mai maƙoƙo ya tambayi likita.

Sai ta ce, "Kawu, kwalin ka karanta ko garin ka duba?"

Na ce ina karanta Faransanci tun uwarta tana rarrafe. Ta yi dariya ta ce Allah ya ba ni haƙuri. Na kashe talho.

Kwalin a rufe yake, ban ga Ila ya taɓa buɗe shi ba. Daga wani bokitin roba yake ɗiba yana ƙullawa. Yanzu na tuna.

Alhamis, 25 ga Yuli

Wani mahauci ya tsare ni yana yabo. Wai cikin awa ɗaya yake jin abin, fuska ta yi zafi, hanci ya toshe, har fitila ta koma shuɗiya a idonsa. "Mushe, maganinka ba wasa." Maganina.

Awa ɗaya. Salamatu kuwa ta ce makonni.

Zan yi wa Ila magana ranar kasuwa.

Asabar, 27 ga Yuli

Ban yi ba. Mutane sun yi yawa a teburin, kuma me zan ce? In ce Mushe bai karanta daidai ba?

Talata, 30 ga Yuli

Aghali ya faɗo daga raƙumi.

Laraba, 31 ga Yuli, Belbeji

Na hau motar kasuwa da sassafe. Babban ɗansa Abdulƙadir ya ba ni labari a ƙarƙashin itacen bedin da ke gaban ɗakin shan magani. Jiya da safe tsohon ya sha ƙulli guda da nono, ya hau don ya nuna musu yana iyawa. Bai yi nisa ba ƙirji ya riƙe shi. Ya ciro wata ƙwaya daga jakar fatar da ke wuyansa ya sa ƙarƙashin harshe. Sai suka ga ya zame kamar buhu. A amalanke aka kawo shi, ƙashin ƙugu ya karye.

Ƴaƴansa ba su san da ƙwayar ba. Shekara biyu ke nan wani likita a Damagaram ya rubuta masa ita don ciwon zuciya, yana ɓoye ta tare da layunsa.

Abdulƙadir ya ce da suka iso, jinin tsohon ya faɗi har na'urar awon jini ba ta son nunawa. Salamatu ta ɗaga ƙafafunsa, ta sa masa ƙarin ruwa, sannan ta juyo ta ce me ya sha. Suka ce nono. Ta ce da me. Sai ta durƙusa ta ce wa tsohon, "Baba, ka gafarce ni, zan buɗe jakarka." A gaban ƴaƴansa. Abdulƙadir ya ce saura kaɗan ya riƙe hannunta. Ta buɗe, ga ƙwaya, ga ƙulli.

Da ta samu sarari ta kira ni ciki. Ta zazzage garin a kan farar takarda, ta baje shi da bayan cokali a bakin taga. "Kawu, sa madubin idonka." Ɗigo-ɗigo shuɗaye, ƙanana kamar ƙwan kwarkwata, cikin garin mai ruwan ƙasa.

Ta ce ba za ta rantse ba sai an auna a Yamai, amma tana zaton an daka ƙwayar ƙarfin maza an gauraya, don mai saye ya ji aiki nan take ya dawo. Ita wannan ƙwayar, in ta haɗu da ta ƙarƙashin harshe, jini zubewa yake yi ƙasa gaba ɗaya. Maka ba ta yi wa Aghali komai ba. Wataƙila ma babu ita a ciki.

Na jira ta ce ai na gaya maka. Ta naɗe takardar, ta rubuta kwanan wata a kai, ta tambaye ni ko na karya kumallo.

Ni da ban taɓa yi wa tunkiya allura ba sai na tambayi mai ita me ta ci, tun yaushe take tari.

An wuce da shi Damagaram da la'asar. Ban shiga ya gan ni ba.

Asabar, 3 ga Agusta

Hutun ranar samun ƴancin kai ne, manya suna dashen itace ana ɗaukar hoto. Salamatu kuwa ranar hutunta ta hau mota ta zo Tanut.

Na ɗauka da jandarma za ta zo. Ni da su zan zo, a kife teburin kowa ya gani. Ta sayi ƙosai, ta zauna a bencin Ila, ta gaishe shi da iyali, sai da mutane suka ragu ta baje masa takardar. Ila ya rantse bai sani ba, bokitin daga wani ɗan kasuwa yake karɓa wanda ke zuwa daga kudu. Na yarda da shi. Ashe tsohonsa ma yana sha.

Ta ce, "Malam Ila, rahoto dole in kai, wannan aikina ne. Amma yau ba shi ya kawo ni ba. Su wa suka saya?"

Ya lissafa goma sha huɗu da ya tuna. Shida a gari, takwas a daji. Ya ce na dajin Allah kaɗai ya san inda suke da damina.

Ta juyo. "Kawu ya sani."

Na sani kuwa. Na san wanda ke sauka a wane tafki in ruwa ya zauna, da wanda ba ya rabuwa da surukinsa, da wanda ke gudun gonaki tun rigimar bara waccan.

Ila da kansa ya ɗauki bokitin a ka ya bi ta. Tallar da ke lasifikar na ce ya goge. Ya goge.

Laraba, 7 ga Agusta

Kwana uku a bayan babur. Ƙuguna.

Ina kallon yadda take yi. Ba ta fara da garin. Ta gaisa, ta sha nono, ta yaba maruƙa. Sannan ta ce da maigida tana da magana ta likita, su koma bayan bukka. Tana tambaya kai tsaye, abin da ni ko a mafarki ba zan iya ba: ƙirjinka yana ciwo, kana shan wata ƙwaya, matarka ta sani? Idonta a ƙasa, muryarta a ƙasa, amma ba ta tsallake ko ɗaya. Kuma suna amsawa! Wani Bafillace, Almustafa, da na sani shekara ashirin, ya fito mata da kwalabe uku daga cikin gafakarsa. Mai hawan jini ne. Ya ce ba wanda ya taɓa tambayarsa.

Ya ce, "To maganin Mushe fa, ƙarya ne?" Ina tsaye. Ta buɗe baki za ta rufa mini, na riga ta. Na ce kwalin na karanta, garin ban duba ba, kuskurena ne. Ya dube ni ya ce, "Ashe kuna yi." Aka yi dariya. Ban mutu ba.

A hanya na tambaye ta wa ya koya mata wannan. Ta ce ba kowa, ta gaji da ganin ana kawo mutane a amalanke ne. Ita ma ta nemi ƙarin karatu sau biyu ba a ba ta ba. Ban sani ba sai yau. A cikin zance ta faɗa, tana kaɗe ƙaya daga zanenta.

Mun samu bakwai cikin takwas. Na takwas ya riga ya yi arewa, mun aika da saƙo.

Juma'a, 16 ga Agusta

Wata mata, Radiya, maƙwabciyar Zalika, ta kawo mini kwali in karanta. Na gaske ne wannan karon, a rufe, ɗanta ya aiko daga Aljeriya. Na karanta mata. Sai na ji bakina yana tambaya ko tana da ciki, ko tana shayarwa, ko akwai abin da take sha. Ta rufe fuska da mayafi. Ni ma zufa. Tana shayarwa. Na ce ta ajiye, ta je ta ga ungozoma a asibiti, ni ban san iyakar abin ba.

Ba wani abu ba ne. Tambaya uku.

Litinin, 2 ga Satumba, Damagaram

Na je duba Aghali a asibiti. Sau biyu ina kaiwa tasha ina komowa, yau na shiga motar.

Ya rame ƙwarai. Ba rawani, wani ƙyalle kawai ya ja ya rufe baki. Ban taɓa ganin kansa ba sai yau, ashe sanƙo gare shi. Na zauna. Na faɗa masa duka, har da taku ashirin ɗin nan da na gani na kau da kai. Ya gyara ƙyallen bakinsa. Sannan ya ce, "Da ka tambaya, da na ce lafiya lau." Na ce na sani, amma da na tambaya.

Ya ce ɗiyar nan tawa ba ta da kunya ko kaɗan, Allah ya yi mata albarka. In gaya mata akwai tunkiya tana jiran ta a zango.

Na tambaye shi inda ke ciwo yanzu. Ya nuna mini.

Likita ya yi magana da Abdulƙadir a waje, na fassara masa. Zuciyar ba za ta ɗauki aikin tiyata ba, don haka ƙashin haka zai haɗe, a karkace. Zai taka da sanda in Allah ya so. Raƙumi kuwa an gama.

Garken ya tashi arewa ran goma ga Agusta. Aghali ba ya ciki.